A haɗa maganin sida da na shaye-shaye a ɗaki ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a nan Garwa, arewacin Kamaru. Aikina bin gida-gida ne. Ina cikin matan da cibiyar lafiyar unguwa take aikawa su nemo masu shan maganin sida idan ranar karɓar maganinsu ta wuce ba su zo ba. Akan ba ni lambar waya da kwatancen gida, ni kuma in yi sallama kamar 'yar uwa ce ta zo gaisuwa, don kada maƙwabta su gane abin da ke tafe da ni.

A cikin waɗanda nake nema, musamman samari da magidanta masu ƙananan shekaru, da yawa abin da ya raba su da maganinsu shi ne tiramol, da giyar leda, da sauran ƙwayoyin da ake sayarwa a bakin tasha. Cibiyar da ke ba su maganin sida ba ta da abin da za ta yi musu a kan shaye-shayen, inda ake duba masu shaye-shaye kuma ba lallai a tambaye su ko sun taɓa gwajin jini ba. Roƙona shi ne a haɗa aikin biyu a ɗaki ɗaya, a hannun ma'aikaci ɗaya, a cikin unguwa.

Dole in fara da yabon abin da ya cancanci yabo. Tun watan Mayu na 2007 gwamnati ta mai da maganin sida kyauta a Kamaru. A 2016 aka daina jiran sai jikin mutum ya yi rauni, duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar sai a ɗora shi kan magani nan take. Daga Janairun 2020 kuma aka cire kuɗin gwaje-gwaje da na ganin likita ga masu cutar a asibitocin gwamnati. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2004 kashi 5.5 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, a 2011 ya sauko 4.3, a 2018 ya koma 2.7. Maganin ma ya yi sauƙi: ƙwaya ɗaya ce tak a rana, wadda ta haɗa magunguna uku, tenofobir da lamibudin da dolutegirabir. Ni da na ga zamanin da mutane ke ƙarewa a kan tabarma sai ƙashi da fata, na san darajar wannan. Waɗanda suka rage a baya yanzu su ne masu wuyar riƙewa, kuma a cikinsu ne masu shaye-shaye suke.

Wanda bai zauna a arewacin Kamaru ba, da wuya ya gane yadda tiramol ya shiga jikin jama'a. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, na sha don ya jure wa zafin Maris da Afrilu a kan mashin tun asuba har dare. Mai dako a kasuwa na sha, lebura a gonar auduga na sha, yaran manyan motocin da ke tasowa daga Gaundare su bi ta nan zuwa Marwa da Kuseri har Injamena su ma haka. Har shanun huɗa ana ɗura wa. A 2013 wasu masu bincike suka ba da sanarwar sun samu sinadarin tiramol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin ƙasar nan, har aka yi zaton itacen ne ke yin sa da kansa. Shekara ɗaya bayan haka wasu masana daga Jamus suka sake bin sawu, suka ce daga fitsari da kashin mutane da na shanun da ake bai wa maganin ne ya ratsa ƙasa da ruwa har ya shiga saiwoyi. Malam Edita, abin da ya kai ga shiga saiwar itace a daji, ka ƙiyasta yawansa a cikin gari.

Tiramol na asibiti yawanci miligiram 50 ne, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ko ga mai ciwo mai tsanani. Wanda ake sayarwa a faranti a bakin titi akwai mai 120, akwai mai 200, akwai mai 225. Wanda ya haɗiye biyu na 225 da kofin safe ya riga ya tsallake iyakar yini guda tun bai ɗauki fasinjan farko ba. Shi ya sa muke ganin samari na faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, wani lokaci a kan mashin da mutum a bayansu. A Afrilun 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramol, a Mayun shekarar Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Sai 'yan kasuwar suka koma wasu ƙwayoyin, irin haɗin tafentadol da karisofurodol, wanda Indiya ta hana yinsa a Fabrairun 2025 bayan wani binciken BBC. Mu kuwa abin da ya shiga Mubi da Yola ba ya daɗewa bai iso mana ba, ta hanyar da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, ke bi.

Bari in ba ka labarin wani yaro, ba tare da suna ko unguwa ba. Ɗan kilando ne, bai kai talatin ba, mashin ɗin na haya ne, kowace yamma sai ya kai wa mai shi kuɗinsa ko an samu ko ba a samu ba. An ba ni sunansa saboda gwajin jininsa ya nuna ƙwayar cutar ta yi yawa alhali yana karɓar magani. Na same shi a gindin wata dalbejiya yana wanke mashin. Da ya tabbatar ba faɗa na zo yi masa ba, sai ya zaro wata 'yar takarda a aljihun wando, ya warware. Ƙwayoyin maganinsa ne a ciki, ya juye su daga kwalba don kwalbar na ƙara idan yana tuƙi, abokan aiki kuma sun san kamanninta. Na ƙirga da ido, na ga sun fi abin da ya kamata su rage yawa nesa ba kusa ba.

Na ce, “Ɗana, me ya hana ka sha?”

Ya ce, “Inna, ai ranar da aka ba ni an ce maganin nan ba ya haɗuwa da ƙwaya ko giya. Ni kuma in ban sha tiramol ba ba na iya tashi. To ranar da na sha shi sai in bar wannan, kada su haɗu su kashe ni. Ranar Juma'a da ba na fita da wuri nake shan na asibiti.”

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin yaron nan biyayya yake yi wa abin da ya fahimta. Wanda ya faɗa masa haka da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana so ya tsorata shi ya bar ƙwaya. Amma wanda jikinsa ya riga ya kamu ba ya barin ƙwaya don tsoro. Abin da ya fi sauƙin bari shi yake bari, wato maganin da in ya tsallake shi yau ba ya jin komai a jikinsa. Daga baya na ji irin wannan magana a bakin mutane da dama, har da masu shan giyar gargajiya irin su bilbil da arki. Gaskiyar da likitoci suka koya mana ita ce, mai shan tiramol ko giya ya ci gaba da shan maganin sidarsa kullum, ko ya sha ko bai sha ba. Shaye-shayen na da illarsa mai girma, amma tsallake maganin ne ke bai wa ƙwayar cutar damar hayayyafa, ta kuma koyi bijire wa maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa shaye-shaye ba dalili ba ne na hana mutum wannan magani ko jinkirta masa.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu. Biyu daga cikin magunguna ukun nan, tenofobir da lamibudin, suna danne shi ma. Mai ɗauke da cututtukan biyu in ya yanke magani kwatsam, ciwon hantar na iya tasowa da ƙarfi, ga kuma giyar leda tana cin hantar ta wani gefen. Sai ka ji an ce wane ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, ya rasu, dangi su ce sammu ne.

Da yaron nan ya ce yana so ya bar tiramol, ina zan kai shi? A cibiyarmu ba wanda aka horar a kan haka. Abin da ake yi shi ne a rubuta masa takarda ya tafi babban asibiti, ɓangaren masu taɓin hankali. A nan zai yanki sabon kati, ya bi sabon layi, ya sake kwance wa baƙon ido sirrinsa tun daga farko, ya rasa aikin yini guda alhali mai mashin na jiran kuɗinsa. Ga kuma sunan da zai ɗauka in wani ya gan shi a wannan ƙofa. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya yi godiya, bai je ba. Ya gwada bari da kansa a ɗaki. Wanda bai taɓa ganin mai yanke tiramol farat ɗaya ba, bai san wahala ba: ciwon gaɓoɓi, gumi, zawo, hamma da majina ba tsayawa, barci ya ƙaurace, ga fargaba da jin kamar ana jona masa wutar lantarki. Bai jure ba, ya koma. Da ya koma kuma kunya ta hana shi zuwa cibiya, don ya riga ya yi alkawari a gaban nas. Haka muke ta tufka da warwara, ni in nemo, ƙwaya ta janye.

Abin da nake roƙo ba sabon abu ba ne a Afirka. A Fabrairun 2011 Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon, maganin da likita ke bai wa mai shaye-shaye a madadin ƙwaya, a Muhimbili da ke Darussalam domin masu shan hodar heroyin, daga baya aka shigar da gwaji da maganin sida da na tarin fuka cikin wurin, ta yadda mai zuwa shan metadon kowace safiya zai samu sauran a nan. A Disambar 2014 Senegal ta buɗe irin wannan cibiya a asibitin Fann da ke Dakar, ta farko a Afirka ta Yamma. Metadon da makamancinsa bufurenofin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, kuma bincike ya nuna masu allurar ƙwaya da ke kan irin wannan magani haɗarin kamuwarsu da sida na raguwa da kusan rabi. Na san halinmu ya bambanta. A iya abin da nake gani a unguwanni, haɗiya da sha da shaƙa sun fi allura yawa a nan, don haka hanyar da ƙwaya ke haɗa mu da sida ita ce yanke magani da kwanciya ba kariya cikin maye. Wane ne ke buƙatar magani irin na Dakar, wane ne kuma za a rage masa tiramol kaɗan-kaɗan har ya rabu da shi, wannan hukuncin likitoci ne. Darasin da na ɗauka daga wurinsu shi ne kada a raba mutum biyu a tura kowane rabi wata ƙofa.

A aikace ba gini nake nema ba. Nas ɗin da ke miƙa magani ta tambayi kowa, ba sai wanda idonsa ya yi ja ba, me yake sha don ƙarfin aiki, nawa a rana, tun yaushe. Yadda ake tambayar shi ne komai. In aka ce “kai ma ɗan ƙwaya ne?” an rufe bakinsa har abada. In aka ce “yawancin masu aikinka suna shan wani abu don gajiya, kai me kake sha?” sai ka ji gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari tun 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan cibiyoyi kula da matsalolin ƙwaƙwalwa da shaye-shaye ba sai ƙwararren likita ba. A horar da mutum biyu a kowace cibiya da ke ba da maganin sida, likitan babban asibiti ya riƙa zagayowa yana duba masu wuya, a kuma riƙa samunsa a waya. Kati ɗaya, ranar zuwa ɗaya. Amfanin kati ɗaya ya wuce sauƙin layi: rifamfisin da ake bai wa mai tarin fuka yana rage ƙarfin dolutegirabir har sai an ƙara masa wani da yamma, yana kuma rage ƙarfin metadon. In kowane magani a hannun wani yake, wa zai lura?

Haka nan ta ɗaya gefen. Duk saurayin da aka kawo ya faɗi yana jijjiga, ko ya yi hatsari da alamar maye, a yi masa tayin gwajin sida da na hanta cikin sirri kafin a sallame shi. A buɗe ƙofa da sassafe ko bayan magariba ko da sau ɗaya a mako, domin ɗan kilando da mai dako ba su da ƙarfe goma na safe. A ɗauki waɗanda suka bar ƙwaya aiki tare da mu, da ɗan alawus. Akwai rumfunan da ni da mayafina ba zan iya zama ba, su kuwa da sun zauna za a saurare su. Su ne kuma za su koya wa abokansu cewa wanda ya faɗi yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko ruwa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, “'Yata, wannan ai lallashin masu laifi ne. Wanda ya sayi ciwo da kuɗinsa shi za a shimfiɗa wa tabarma?” Na ce, “Baba, matarsa fa? Ita me ta saya?” Mutumin da ke shan maganinsa kullum har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Wanda muka kora da gori shi zai koma gida da cutar a cike, matar ta ɗauka, in ba a tare ba jariri ya ɗauka. Ban ce shan ƙwaya daidai ba ne, addininmu ya hana, kuma na ga gidajen da ya rusa. Malamai su ci gaba da wa'azi, muna buƙatarsa. Amma ina roƙonsu su haɗa da cewa neman magani ba abin kunya ba ne, kuma mai jinya ba a yanke masa magani don ya yi zunubi.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi tayar mini da hankali. Idan yaro ya gagari iyaye, sukan kai shi gidan mari, wani lokaci har tsallaken iyaka. Iyayen ba su san yana ɗauke da sida ba, shi kuma ba zai faɗa ba. Sai ya yi watanni a ɗaure ba ƙwaya ɗaya ta maganinsa. A 2019 duniya ta ga halin da aka samu ɗaruruwan mutane a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina. Ba na zargin iyaye, ba su ga wata ƙofa a buɗe ba ne. Da akwai inda uwa za ta kama hannun ɗanta ta kai shi a cikin unguwa, da yawa ba za su kai ga mari ba. Haka wanda aka kama. Dokar 1997 ta sa shan ƙwaya cikin laifuka a ƙasar nan, shi ya sa yaro ke tsoron abin da ya faɗa wa nas ya isa kunnen jandarma. Dole a tabbatar masa, a kuma tabbatar a aikace, cewa abin da ya faɗa a ɗakin magani a nan zai tsaya. Wanda kuma aka tsare, a tambaye shi a keɓe tun daren farko ko akwai maganin da yake sha kullum.

Kada a ɗauka abin na maza ne kaɗai. A cikin gidaje akwai matan da ke shan maganin tari da ƙwayar barci don baƙin cikin kishiya, ko sakin da aka yi musu bayan gwajin awon ciki ya tona cutar da mijin ne ma ya kawo. Waɗannan ba za su taɓa zuwa layin masu shaye-shaye ba ko da kyauta ne. Amma suna zuwa awo, suna kawo yara rigakafi, suna karɓar maganinsu. A wannan ɗakin kaɗai za a iya samunsu, a bakin mace 'yar uwarsu.

Za a ce ba kuɗi, ma'aikata kuma sun yi kaɗan. Gaskiya ne, nas ɗinmu ita ce mai awo, ita ce mai allura, ita ce mai cike rajista. Kuma kowa ya ji girgizar da aka yi a farkon 2025 lokacin da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, har shirinta na yaƙi da sida, PEPFAR, da aka kafa tun 2003 ya shiga ciki. Amma a yi lissafi. Wanda ya yanke magani sai an biya mai nemo shi, a sake gwaje-gwaje, wataƙila a canza masa magani mai tsada, ko a kwantar da shi da tarin fuka. Horar da ma'aikata biyu da ƙara tambayoyi uku a kati bai kai wannan ba. Lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci ne ya fi dacewa a daina riƙe ƙofa biyu don mutum ɗaya.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya a Yawunde, da kwamitin ƙasa na yaƙi da sida, da kwamitin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su zauna teburi ɗaya a kan wannan. Ba sai an fara da ƙasa duka ba. A zaɓi cibiyoyi kaɗan a Garwa da Marwa da Gaundare da Kuseri, a gwada na shekara guda, a ƙirga mutum nawa suka tsaya kan magani, nawa ne gwajin jininsu ya gyaru. A gayyaci shugabannin 'yan kilando da na direbobi da limaman unguwa tun ranar farko. Kafin a kai ga haka kuma, akwai abin da ba ya cin ko dala: daga gobe duk ma'aikacin da zai miƙa wa mutum kwalbar magani ya faɗa masa a fili cewa ko ya sha wani abu, ya sha wannan ma, sa'an nan ya dawo su yi maganar ɗayan.

Na gode da ba ni fili. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar lafiyar unguwa,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru